Kwali Mai Sanda, Kwali Mai Ƙwai

"Lafiya lau na kwana. Amma wannan durƙuson naka ban yarda da shi ba. Tashi in ga hannuwanka."

Da haka Kaka ta amsa gaisuwar jikanta a safiyar ranar da za su tashi daga gidan hayar da suka shekara talatin da ɗaya a ciki. Jikan nan, wanda kowa ke kira Tsinke saboda tsawo da rashin nama, mai gyaran wutar lantarki ne, ya kusa talatin, kuma tun da ya iya magana bai taɓa gaishe ta a durƙushe ba. Daga bakin ƙofa yake jefo mata gaisuwa, ya tambaya ko har yanzu tana nan tana cinye musu abinci, ita kuma ta ce ba inda za ta sai ta ga ranar da wando zai zauna masa a ƙugu ba tare da igiya ba. Yau kuwa ga shi har ƙasa, murya a sanyaye, kwalaye a ninke a hammata, alƙalami mai kaurin baki a bayan kunne.

"Yanzu mutum ba zai girmama matarsa ba sai an caje shi?"

"Kakanka sau ɗaya ya taɓa durƙusa mini. Da yamma na gane akuyata ya sayar."

"To ai ke yanzu ba ki da akuya."

"Shi ya sa nake tunanin me ka hango."

Gaskiya kuwa akwai abin da yake ɓoyewa. Mai gidan ya sayar da gidan, mahaifin Tsinke ya samo musu wani a can ɗaya gefen gari, ɗan bene mai hawa ɗaya. An gama ɗaure kayan kowa tun shekaranjiya, ban da ɗakin Kaka, wanda ta hana kowa taɓawa. Ita ba ta ma ga sabon gidan ba, don gwiwarta ba ta son zirga-zirga. Jiya da la'asar uban ya ja Tsinke gefe ya ce masa ɗakin da aka ware wa Kaka bai kai rabin wannan ba, kuma shi kaɗai take bari ya sa mata hannu a kaya. Abin da ke da amfani ya zuba a kwali ya ja masa layi ɗaya. Abin da ya mutu ya zuba a wani kwalin ya yi masa da'ira, ya jingine a gindin katangar da ke daura da ƙofar ɗakinta. In motar kaya ta tafi, mai sayen tsofaffin kaya zai zo ya kwashe. Kada ta sani, in ji uban, don in ta sani ba za a tashi yau ba, ba za a tashi gobe ba. Tsinke bai ji daɗin aikin ba, amma shi ya ja wayoyin wutar sabon ɗakin da hannunsa, ya san ko rabin tarkacen nan ba zai shiga ba.

Uwarsa da ƙannensa mata sun yi gaba tun da safe don su wanke sabon gida. Uban ya tafi neman mota, ba zai dawo ba sai bayan azahar. Gida ya rage daga Tsinke sai Kaka, wadda ta miƙe ƙafafu a kan gadonta na ƙarfe, sanda a gefe, tana bin hannunsa da ido duk inda ya kai shi.

Ya fara da saman kabad. Gwangwanayen madara goma sha ɗaya ya sauke, wasu cike da maɓallai, wasu da ƙusoshi masu tsatsa, ɗaya da makullan da ba wanda ya san ƙofarsu. Ya ce yanzu ya gane dalilin da ya sa mazan unguwar ke yawo ƙirji a buɗe, ashe ita ke bin igiyar shanya tana tsinke musu maɓallai. Ta ce duk daga rigunansa ta ceto su lokacin yana yaro, don cin maɓalli yake kamar gyaɗa, waɗanda ba ta riska ba su ne suka toshe masa hanji ya ƙi ƙiba har yau.

Ya jawo rediyo daga bayan kwanuka, ya hure ƙurar da ke kansa.

"Wannan yaushe rabonsa da magana?"

"Yana magana. Kai ne ba ya so, kana shigowa sai ya kama bakinsa."

"Kaka, ba batir a ciki. Kyankyasai ne suka kama haya."

"Ba kai ne mai gyara ba? Shekara shida kana ce mini gobe. Duk gidan da ka taɓa wa waya a unguwar nan, da fitilar hannu suke neman takalmansu."

Ya sa rediyon a kwali, ya bi shi da agogon bangon da ya tsaya a ƙarfe huɗu da kwata tun Tsinke na firamare, da dutsen guga na gawayi, da wata fitila marar gilashi. Ya ɗaure da igiya, ya juya mata baya, ya zana da'ira da sauri. Keken ɗinki na hannu, barguna, kwanukan da ba su huje ba da zannuwanta masu kyau ya zuba a wasu kwalayen, ya ja musu layi, ya kai su falo inda kayan kowa suke.

Kaka ba ta yi boko ba, amma ido gare ta. Ta bari sai da ya yi sawu uku.

"Wannan ka yi masa sanda, wancan ka yi masa ƙwai. Me ya raba su?"

"Mai sanda a ƙasa za a jera shi cikin mota. Mai ƙwai kayan fashewa ne, a sama ake ɗorawa."

"Dutsen guga ne kayan fashewa?"

"Ya tsufa. Tsoho duk lallaɓa shi ake yi, kamar ke."

"Ƙwai dai ka iya zanawa, ban yi mamaki ba. Shi kaɗai ka riƙa kawo mana daga makaranta."

Ta yi dariya, shi ma ya yi, amma ba ta saki maganar ba. Ta tambaya me ya sa masu sanda ke tafiya falo, masu ƙwai kuma gindin katanga. Ya ce inuwa yake nema musu. Ta ce katangar nan rana ke dukanta tun daga hantsi, shekara talatin tana shanya a wurin. Ya ce to ai shi ne, so yake zafi ya kori kyankyasan kafin a kai su sabon gida. Ta dube shi ta gyaɗa kai ta ce, "To." Wannan "to" ɗin ya fi zagi tayar masa da hankali.

Sai aike ya fara. Ta ce ya kawo mata ruwa. Ya kawo, ta ce wannan ya kwana a roba, ya je maƙwabta ya karɓo mai sanyi. Ya dawo, ta ce ta ji ana buga ƙofar waje. Ya je, ba kowa. Can ta ce igiyar nan ba za ta isa ba, ya tafi shagon bakin titi ya ƙaro, kuma kada ya saya a na farko, igiyarsa ruɓaɓɓiya ce, ya ƙarasa na biyu.

Da ya dawo ya same ta a inda ya bar ta, ƙafafu a miƙe, sai dai tana haki, goshinta da gumi, gefen zaninta da ƙura. Sandarta kuma ta koma ɗaya gefen gadon. Ya leƙa gindin katanga. Shi in ya ɗaure kwali, ƙullin waya yake yi, ya murɗa ya lanƙwasa. Kwali biyu daga cikin masu ƙwai yanzu ƙullin ƙunshi ne a kansu, mai kunne biyu, irin wanda mata ke yi wa bakin zani.

"Wa ya kwance kwalayen nan?"

"Iska ake yi."

"Iska ta iya ƙulli mai kunne biyu?"

"Ni na san abin da iskar zamani ta iya?"

"Ke da kika ce gwiwarki ba ta kai ki bakin ƙofa."

"Gwiwata ce. Ita ke zaɓar inda za ta."

Ya ce da ma ya san barin ta ita kaɗai da kaya ganganci ne, tsohuwar da ta iya sace maɓallin riga mai rigar na ciki. Ta ce in ɓarawo yake nema ya duba madubi, in har madubin zai iya kamo shi, don mutum in ya tsaya a karkace ɓacewa yake. Tsinke ya tabbata a ransa ta gano dabarar, ta kwashe rediyo da agogo ta cusa cikin masu sanda. Ya nufi falo ya ɗaga kwalin zannuwa don ya kama ta dumu-dumu. Sai ya ji kwalin ya yi sauƙi. Ya dawo gindin katanga ya ɗaga mai ƙwai. Ya ƙara nauyi.

Ya kwance ƙullin. Rediyon na nan a ƙasa inda ya sa shi. A samansa kuwa an jera ledar magungunanta na hawan jini, tabaraunta, zannuwa biyu mafiya kyau, bargo ɗaya, da hoton kakansa mai firam, an naɗe shi cikin tawul.

Ya ɗauko kwalin ya shigo da shi ɗaki ya ajiye a gabanta. Ya tambaye ta me ya kai maganinta nan. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta kau da kai wajen taga, ta ce ta haɗa abin da za ta buƙata ne a can.

"Can ina?"

"Inda za ku kai ni."

"Ina za mu kai ki in ba sabon gida ba?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Jiya ina bayan ƙofar nan na ji ubanka a waya. Ya ce tsohuwa ce, ba inda za a ajiye ta a can, ka bari sai mota ta tafi ka zo ka ɗauka. Da kunnena na ji."

Ta ci gaba a hankali, ba zolaya a muryarta. Ta san da mijin Goggo yake magana, don shi ke da mota, kuma Goggon, 'yarta ta biyu, ta daɗe tana cewa a kawo mata ita can garinsu, inda ba ta san kowa ba. Gidan bene ne aka ce, ita kuwa ba ta iya hawa. Ba wanda ya ce ta zo ta ga ɗaki. Yau kuma aka turo mata shi da durƙuso da sanyin murya. Ta haɗa wannan da wancan, ta ga lissafi ya fita.

"Ban ce komai ba. Ɗana ne, shekara ashirin yana riƙe da ni tun rasuwar ubansa, in ya gaji ba laifi ba ne. Abu ɗaya ya yi mini ciwo. Kayan kirki ku yi musu sanda ku tafi da su, matattun ku haɗa da ni. Shi ne na ce ko maganina da hoton mutumin nan in ɗauka."

Tsinke ya zauna a ƙasa daɓas. Abin da ya fara zo masa shi ne, da bai lura da ƙullin nan ba, kafin magariba da hoton kakansa da magungunan suna cikin kurar mai tsofaffin kaya. Na biyu kuma, tun jiya tsohuwar nan ke ɗauke da wannan magana ita kaɗai, ta kwana da ita, ta tashi da ita, kuma duk safiyar nan tana mayar masa da zolaya kamar ba komai.

Ya faɗa mata gaskiya duka. Wayar da ta ji, da mai sayen tsofaffin kaya ake yi, tsohuwar da ake nufi kuwa doguwar kujerar falo ce mai karyayyar ƙafa. Mai sanda na tafiya sabon gida tare da ita. Mai ƙwai zubarwa za a yi a bayan idonta, don ɗakin ƙarami ne. Ya ce umarnin Baba ne, amma hannun da ya zana ƙwan nasa ne, ba zai ɗora wa kowa ba.

Kaka ta dubi kwalin da ke gabanta. Ta kama bakin mayafinta ta goge ido, ta ce ƙurar da ya tayar ce ta shige mata. Sannan ta jawo sandarta kusa.

"Wato ni ba za a yar da ni ba. Rediyona za a yar."

"Haka ne."

"Ɓarawo ɗan ɓarawo."

"Jikan wa ke nan?"

"Jikan kakanka. Ni aure ne ya kawo ni cikinku."

Amma ba ta yarda nan take ba. Ta ce mutumin da ya yi ƙarya uku kafin hantsi, ta huɗu ba za ta yi masa wuya ba, ta sa shi a gaba da tambayoyi. Ɗakin a ina yake? A ƙasa, kusa da kicin, ko matakala ɗaya babu. Taga fa? A dama in an shiga, tana kallon tsakar gida. Taku nawa zuwa banɗaki? Shida, nata ƙila tara. Ya ce makunnin fitila ma ya sauko da shi daidai kan gado, don kada ta riƙa tashi a duhu, kuma shi ɗakinsa a sama yake, daidai saman nata, in ta buga silin da sanda zai ji. Ta yi kamar ta gamsu, ta tambayi launin ƙofa, ta tambayi ko akwai wurin shanya, sai kwatsam ta dawo.

"Ɗazu ka ce taga na hagu."

"Dama na ce."

"Gwada ka nake yi."

Ta kafa sharaɗi. In mota ta zo, ita za a fara sawa a gaba kusa da direba kafin a ɗora ko cokali, kuma uban nasa zai zo ya tsaya a gabanta ya maimaita maganar wayar nan da bakinsa. Sannan ta miƙa hannu ta ce ya ba ta alƙalamin.

Ya shigo mata da masu ƙwai ɗaya bayan ɗaya ya zazzage a gabanta. Ya ɗauka za a yi yaƙi a kan kowane ƙusa, sai ya ga ta fi shi rashin tausayi. Makullai ta ce a zubar, ƙofofinsu duk sun riga ta tafiya. Fitila a zubar. Agogo ta riƙe shi jim kaɗan a cinyarta, ta ce ranar da aka haifi ubansa kakansa ya sayo shi, sannan ta miƙa ta ce a zubar, ta gaji da ƙarfe huɗu da kwata. Gwangwani ɗaya na maɓallai ta ware, sauran ta ture da ƙafa. Rediyo kuwa ta ce zai tafi, kuma ta ba shi mako guda ya sa shi magana, in ya kasa za ta bi gidajen sabuwar unguwa ta gargaɗe su kada su bari ya taɓa musu ko ƙwan fitila.

Da ta gama da nata ta dogara sanda ta nufi falo. Ta sami kwalin tsofaffin jaridun ubansa ta zana masa ƙwai ƙato. Ta sami buhun Tsinke na guntayen wayoyi da ƙonannun soket ta zana masa biyu. Ya ce kayan sana'a ne, ta ce ita ma maɓallanta kayan sana'a ne, kowa ya ɗanɗana.

Azahar ta gota lokacin da ya zo kan gado. Ya zaunar da ita a kan akwatin ƙarfe, ya ɗage katifa, ya kwance ƙusoshin, ya janye ƙarafunan gefe. A can ƙuryar bango, inda gadon ya rufe shekara da shekaru, sai ga dutsen niƙa, baƙi, mai faɗin tire, tsakiyarsa ya lotsa don aiki, da ɗan dutsensa kwance a kai. Tsinke bai taɓa sanin yana nan ba. Ya tura shi da ƙafa, dutsen ko gezau.

Kaka ta ce na uwarta ne, da shi aka kawo ta gidan miji, kuma rabonta da niƙa a kansa tun kafin a haifi Tsinke. Ya ce mata, ba wasa, ɗakin ba zai ɗauka ba. Sabon gadon katako ne mai durowa a ƙasa, ba sarari ko na takalmi. Ta ce ta ji. Ta dubi dutsen, ta dubi jikanta daga sama har ƙasa kamar mai auna shi. A waje aka ji ƙugin babbar mota tana ja da baya zuwa ƙofar gida, da muryar uban yana ce wa direba ya ƙara kaɗan.

"Maigidan, matso. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa yi maka kyautar kirki ba. Na ba ka dutsen nan halak malak."

"Kaka, ɗakina a sama yake."

"Na sani, kai ka faɗa mini."

"Matakala goma sha takwas ce."

"Ni ban tambaye ka ba. Kyauta na yi maka. In kana da fuskar da za ka bar kyautar matarka a gindin katanga, bar ta, in faɗa wa duk wadda ka je nema irin mijin da kake."

Tsinke ya dubi dutsen, ya dube ta, dariya ta ƙwace masa har ya dafa bango. Ya naɗe hannun riga, ya tsuguna ya rungumo shi, ya ɗaga da ƙyar, jijiyoyin wuyansa duk a waje.

"Na karɓa, na gode. Allah ya haɗa ki da miji mai ƙarfi."

"Amin." Ta sunkuya ta ɗauki ɗan dutsen ta jefa a jakar hannunta, ta dogara sanda ta yi gaba. "Ni na riƙe maka ɗan. Kai taho da uwar, kuma kada ka karye mini a hanya."